Kuba: Gonakin Hasken Rana da Duhun Magariba

 

Batun yau ya shafi tsibirin Kuba, wanda ke cikin tekun Karibiyan, kimanin kilomita 150 kudu da gaɓar Amurka. Tun daga shekarar 2024 wannan ƙasa ta shiga aikin shimfiɗa manyan filayen samar da wutar lantarki daga hasken rana, waɗanda ake kira gonakin rana, da saurin da ba kasafai ake ganin irinsa a ƙasa matalauciya ba. Duk da haka duhu bai bar gidajen mutanenta ba. Dalilin wannan al'amari shi ne abin da ya kamata a bincika a tsanake, domin kuwa akwai darasi a ciki ga duk ƙasar da Allah ya hore ma rana amma aljihunta ba nauyi. Darasin a taƙaice shi ne: gonar rana alheri ce babba, sai dai ana auna amfaninta ga talaka da ƙarfe 8 na dare, lokacin da ranar ta riga ta faɗi.

Ranar da tsibiri ya mutu

Ranar Juma'a 18 ga watan Oktoba na 2024, da hantsi, tashar Antonio Guiteras da ke lardin Matanzas ta tsaya cak. Ita ce injin samar da lantarki mafi girma a ƙasar. Cikin ɗan lokaci kaɗan sauran tashoshin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, har wuta ta ɗauke daga wannan bakin tsibirin zuwa wancan, mutane kusan milyan 10 suka zauna babu lantarki. Aka rufe makarantu, aka sallami ma'aikatan da aikinsu bai zama dole ba, famfuna suka ƙafe saboda injunan tura ruwa sun tsaya, nama da kifi suka ruɓe cikin firigo. An kwashe kwanaki ana tayar da layin yana sake faɗuwa. Ana cikin haka guguwar Oscar ta afka ma gabashin ƙasar ranar 20 ga watan.

Abin bai tsaya nan ba. Layin ƙasa baki ɗaya ya sake faɗuwa ranar 6 ga Nuwamba sakamakon guguwar Rafael, ya ƙara faɗuwa ranar 4 ga Disamba, sannan ranar 14 ga Maris na 2025, da kuma ranar 10 ga Satumba na 2025. Tsakanin waɗannan manyan faɗuwa kuwa, yankan wuta na yau da kullum ya zama jiki, har a larduna da dama mutane kan yi awa 18 zuwa 20 a yini ba su ga ƙyallin ƙwai ba.

A nan akwai abin lura game da tsibiri. Ƙasar da ke kan tudu, idan injinta ya lalace, tana iya jawo wuta daga maƙwabciyarta ta hanyar waya. Kuba ba ta da wannan gata, ruwa ne ya kewaye ta ko ta ina, babu waya ko ɗaya da ta haɗa ta da wata ƙasa. Duk abin da za ta sha sai ta samar da kanta, a daidai lokacin da ake bukatarsa.

Tushen ciwon

Matsalar ta daɗe tana ruruwa. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba ma ƙasar, wanda shugaba Kenedi ya cika shi a watan Fabrairu na 1962, Kuba ta jingina da Tarayyar Sobiyet. Tana ba da sukari, ana ba ta man fetur da injuna bisa farashin zumunci. Galibin manyan tashoshinta a shekarun 1970 da 1980 aka gina su, da yawa da fasahar Sobiyet da Cekoslobakiya. Har tashar nukiliya aka fara ginawa a Juraguá a 1983. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, mai ya yanke, tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, aka dakatar da aikin Juraguá a 1992, kangonsa na nan tsaye a bakin teku.

A shekarar 2000 aka samu sabon uban gida. Fidel Kastro da Hugo Chávez na Benezuwela suka ƙulla yarjejeniya: Kuba ta aika da likitoci da malamai, Benezuwela ta aiko da mai. A lokacin da abin ke kan ganiyarsa, ana kawo kusan ganga dubu 100 kowace rana. Da tattalin arzikin Benezuwela ya durƙushe, abin da ake kawowa ya yi ta raguwa har ya koma ƙasa da rabi. A watan Janairu na 2026, bayan sojojin Amurka sun kama shugaba Maduro, wannan ƙofa ta rufe, gwamnatin Amurka kuma ta yi barazanar ɗora haraji a kan duk ƙasar da ta sayar ma Kuba mai. Sau biyu ke nan cikin shekaru 35 ƙasar ta ga gaskiyar maganar Hausawa cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Kuba tana da nata ɗanyen mai, amma mai kauri ne, cike da ƙibiritu. Shi ake ƙonawa a manyan tashoshi, yana cin bututun tukunya kamar yadda gishiri ke cin ƙarfe, saboda haka injunan suna bukatar gyara a kai a kai. Injin da aka ƙera don ya yi aikin shekara 30, ga shi ya haura 40, ga abinci mai illa, ga babu kuɗin babban gyara, ba abin mamaki ba ne idan ya riƙa suma.

An yi ƙoƙarin toshe ɓaraka ta hanyoyi biyu. A 2006 Kastro ya ƙaddamar da abin da aka kira juyin juya halin makamashi: aka rarraba dubban injunan gazuwal da na baƙin mai a faɗin ƙasar, aka canza ma jama'a ƙwan lantarki da tsofaffin firigo, aka kuma raba musu tukwanen girki masu aiki da lantarki a madadin kananzir. Daga 2019 kuma aka yi hayar jiragen ruwa masu ɗauke da injunan lantarki daga kamfanin Karpowership na Turkiyya, har suka kai 8. Dabarun biyu duk sun dogara ga man da ake saye da kuɗin waje. Da biya ya yi wuya, yawancin jiragen suka ɗaga, injunan gazuwal kuwa da dama suka zauna shiru, wasu don rashin mai, wasu don rashin kayan gyara. Tukwanen girkin nan kuma sun bar gado mai nauyi, domin sun mayar da lokacin dafa abincin dare ya zama lokacin da ƙasa ta fi shan wuta.

Shirin gonaki 92

Tun 2014 gwamnatin Kuba ta yi alkawarin cewa kafin 2030 kashi 24 cikin 100 na lantarkinta zai fito daga rana, iska, ruwa da ɓawon rake. Shekaru 10 suka wuce, abin bai wuce kashi 5 ba. Sai da wuya ta yi wuya sannan aka tashi haiƙan. A watan Maris na 2024 ministan makamashi da ma'adinai, Vicente de la O Levy, ya bayyana shirin gina gonakin rana 92 kafin 2028, masu ƙarfin megawat 2,000 a jimilce, da kayan aiki daga ƙasar Sin.

Tsarin yana da hikima. Kusan dukkan gonakin girmansu ɗaya ne, megawat 21.8 kowace, zanensu ɗaya, kayansu ɗaya. Kowace gona tana cin fili kimanin hekta 30, ana jera mata allunan zuƙar hasken rana, waɗanda ake kira pano a kasuwa, fiye da 42,000. Da yake ɗinkin iri ɗaya ne, ma'aikatan da suka gama wata sai su wuce ta gaba ba tare da sabon koyo ba, kayan gyaran wannan kuma ya yi ma waccan. An warwatsa su a dukkan larduna, ta yadda hadari ko guguwa ba za su rufe su duka a lokaci guda ba. Fili bai zama matsala ba, domin noman rake ya faɗi warwas: ƙasar da ta taɓa yin sukari ton milyan 8 a shekara, a ƙarshen shekarun 1980, ta koma yin ƙasa da ton dubu 200 a 2025, gonaki masu yawa sun koma saura, wata ƙaya da suke kira marabú ta cinye su.

An buɗe gona ta farko ranar 21 ga Fabrairu na 2025 a Cotorro, a gefen birnin Habana. Kafin ƙarshen wannan shekara an haɗa gonaki fiye da 30 da layin ƙasa, suna ba da ɗaruruwan megawat da tsakar rana. Ga ƙasar da ke cikin takunkumi, wadda ba ta iya cin bashi daga Bankin Duniya ko Asusun Lamuni na Duniya, wannan aiki ne da ya cancanci a jinjina ma injiniyoyi da leburorin da suka yi shi.

Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne faɗuwar farashi. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin pano ya sauka da kusan kashi 90 cikin 100, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da duniya ke ƙerawa daga masana'antun Sin yake fitowa. Abin da a da sai masu hannu da shuni, yau ya zama hanya mafi araha ta samar da lantarki a ƙasashe masu zafi.

Lissafin ɗan kasuwa

To, sai a ɗauki alƙalami a yi lissafi irin na shago. Yini da dare awa 24 ne, amma idan aka tattara hasken da ke sauka a Kuba daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, daidai yake da kimanin awa 5 na cikakkiyar rana. Ke nan gona mai megawat 21.8 tana ba da kusan kilowat-awa dubu 100 a yini. Injin mai da ke da ƙarfi iri ɗaya, idan ya kwana ya yini yana aiki, zai ba da ninki huɗu zuwa biyar na wannan. Saboda haka idan aka ji an ce megawat 2,000 na rana, kada a ɗauka daidai yake da megawat 2,000 na tashar mai. Ko an gama gonakin 92 duka, abin da za su bayar a shekara bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin shida na lantarkin da ƙasar ta samar a 2019 ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, idan aka dube shi ta fuskar mai. Injin gazuwal yana shan kusan rubu'in lita kafin ya ba da kilowat-awa ɗaya. Gona ɗaya tana tsimin lita dubu 25 ke nan a yini, kusan cikin motar tanki guda. Gonaki 92 kuwa, ayarin motocin tanki kusan 90 ne kowace rana ta Allah, waɗanda ba a saya ba, ba a biya kuɗin jirginsu ba, babu kuma wata ƙasa da za ta iya tare su a teku. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ciyar da gurup a shagonsa ya san darajar wannan. Ribar gonar rana ta tabbata, kuma a nan take.

Duhun magariba

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. A Kuba bukatar lantarki tana kai ƙololuwa ne bayan faɗuwar rana, lokacin da mutane suka koma gida, aka ɗora tukunya, aka kunna fanka da talabijin. A wannan lokaci ƙasar tana neman megawat 3,200 zuwa 3,500. A mafi yawan ranakun 2025 abin da ake da shi bai kai 2,000 ba, giɓin yakan kai megawat 1,500, wani lokaci har ya doshi 2,000. A daidai wannan sa'a gonakin rana ba su ba da ko ƙwayar wuta. Shi ya sa mutumin Holguín ko Camagüey yake jin labarin buɗe sabuwar gona a rediyo da rana, da dare kuma matarsa ta yi girki da gawayi.

Akwai matsala ta biyu wadda ba kowa ya san da ita ba. Layin lantarki yana da bugu kamar na zuciya, wanda a Kuba sau 60 ne cikin daƙiƙa, kuma manyan injuna masu juyawa ne ke riƙe da wannan bugu. Nauyin ƙarfensu da ke juyi shi ke shanye gigicewa idan wani abu ya faru kwatsam. Pano ba ya juyi, ba shi da wannan nauyi. Na'urorin da ke mayar da wutarsa irin ta layi, galibinsu bin bugun layin suke yi, kamar mai amshi da ke bin zabiya. Idan zabiya ta yi shiru, amshi ya ƙare. Don haka ranar 10 ga Satumba na 2025, da tashar Guiteras ta sake tsayawa da safe, layin ƙasa ya faɗi duk da gonakin da aka riga aka gina, ga kuma rana tana haskawa. Bugu da ƙari, idan gajimare ya gifta kan gona, wutarta kan ragu cikin mintoci, dole a samu wani injin da zai cike gurbin nan take.

Maganin waɗannan matsaloli biyu sananne ne: rumbu. Manomin da ya girbe gero a kaka bai cinye shi a gona, yakan zuba a rumbu don bazara. Rumbun lantarki shi ne manyan batura. An gwada wannan a wani tsibirin mai zafi, Kauai, cikin jihar Hawai ta Amurka, inda a 2017 aka haɗa gona mai megawat 13 da batura masu ɗaukar megawat-awa 52, ana tara wutar rana ana sakinta da magariba. Amma mutanen Kauai ba su wuce dubu 70 da ƴan kai ba, kuma da dala suke biyan kuɗin wuta. Kuba ta tsara kafa batura a wurare 4, biyu a Habana, ɗaya a Cueto, ɗaya a Bayamo, masu ƙarfin megawat 200 a haɗe, kuma babban aikinsu shi ne daidaita bugun layi. Cike giɓin megawat 1,500 na tsawon awa 4 ko 5 yana bukatar rumbun da ya ninka wannan sau da yawa. Kafin a kai can, tsofaffin tashoshin mai su ne ƙashin bayan dare, gyaransu kuma wajibi ne ko an so ko an ƙi.

Ina kuɗin gyara?

A nan ne maganar ta bar hannun injiniya ta koma hannun mai riƙe da baitulmali. Kamfanin lantarki na gwamnati, wanda ake kira Unión Eléctrica, da kuɗin ƙasa, wato peso, yake sayar da wuta, bisa farashin da gwamnati ta danne ƙasa ƙwarai. Mai da kayan gyara da batura kuwa da kuɗin waje ake sayensu. Dalar da hukuma ta daɗe tana lissafa ma kamfanoninta a kan peso 24, a kasuwar bayan fage ta haura peso 300 a 2024, ta wuce 400 a 2025. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 sun san yadda haja ke narkewa a hannun wanda ya saya da kuɗi mai ƙarfi ya sayar da marar ƙarfi. A watan Maris na 2024 gwamnati ta ninka kuɗin man mota sau biyar, ta ƙara kashi 25 cikin 100 ga masu shan fiye da kilowat-awa 500 a wata, amma ramin ya fi ƙarfin wannan ciko.

Gonar rana ma tana da nata cefane. Ana wanke pano, ana nome ciyawa, ana gadi. Pano yakan yi shekara 25, amma na'urorin juya wuta sukan nemi canji bayan shekara 10 zuwa 15, batura ma haka. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe, guguwa kuma tana zuwa daga watan Yuni zuwa Nuwamba. Kafofin labarai na gwamnatin ƙasar da kansu sun sha ba da rahoton satar kayan aiki a gonakin da satar man taransifoma. Daɗin daɗawa, ƙasar tana zubar da ƙwararrunta: yawan jama'a ya sauko daga sama da milyan 11 a 2020 zuwa ƙasa da milyan 10 a ƙarshen 2024, mafi yawa saboda ƙaura, kuma masu tafiya galibi matasa ne masu sana'a a hannu. Idan ba a ware kuɗin kula tun yau ba, sababbin gonakin za su bi sawun tsofaffin tashoshin.

Laifin wa?

Hukumomin Habana suna ɗora alhakin komai a kan takunkumin Amurka. Akwai gaskiya mai yawa a ciki. Takunkumin yana tsoratar da bankuna, yana tsawwala kuɗin jirgi, yana hana sayen kayan gyaran da ke da hannun kamfanonin Amurka, kuma mayar da ƙasar cikin jerin masu goyon bayan ta'addanci a watan Janairu na 2021 ya ƙara tsuke mata hanya. Wanda ya musanta wannan bai yi adalci ba.

Amma akwai abin da gwamnati ta zaɓa da hannunta. Alƙalumman hukumar ƙididdiga ta ƙasar sun nuna cewa shekaru da dama kafin 2025, kimanin kashi ɗaya cikin uku na jarin da ake zubawa yana tafiya ne ga otal-otal da harkokin da suka danganci yawon buɗe ido, alhali ɗakunan da ake da su ma ba su cika. An gina otal mai hawa fiye da 40 a tsakiyar Habana a shekarun da tukwanen tashoshi ke yoyo. Masana tattalin arziki ƴan ƙasar sun yi ta jan kunne. To amma ƙasa ce mai jam'iyya ɗaya, babu ɗan adawa a majalisa da zai tsayar da minista ya tambaye shi, babu jarida mai zaman kanta da doka ta amince da ita. Da jama'a suka gaji suka fito kan titi ranar 11 ga Yuli na 2021, tun daga garin San Antonio de los Baños, yankan wuta na cikin manyan koke-kokensu, aka ɗaure ɗaruruwa. A watan Maris na 2024 mutanen Santiago suka sake fitowa, suna neman abu biyu rak: wuta da abinci.

Abu guda ya cancanci yabo. Kowace safiya kamfanin lantarki yana fitar da sanarwa: ga abin da ake da shi, ga abin da ake bukata, ga giɓin da za a samu da dare, ga tashoshin da suka lalace, ga abin da gonakin rana suka bayar jiya. Da waɗannan alƙalumma ne kowa ke iya yin lissafin da aka yi ɗazu. Haka kuma tun 2021 an yafe kuɗin duwan ga mutanen da ke shigo da pano don gidajensu, a ƙarshen 2024 kuma aka kafa doka da ta wajabta ma manyan masu shan wuta su samar da rabin abin da suke sha a sa'o'in cunkoso na rana daga makamashi mai sabuntuwa, cikin ƴan shekaru. Sai dai mai iya sayen pano da batir shi ne mai ɗan uwa a waje ko mai kasuwanci da dala. Unguwa ɗaya, gida ɗaya da haske, goma cikin duhu.

Gani ga wane

Nijar ƙasa ce ta tudu, amma ta ɗanɗani zaman tsibiri. Shekara da shekaru kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkin da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya yake zuwa, na Yamai ta layin Birnin Kebbi, na Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka katse wayar, ba a mayar ba sai a watan Maris na 2024. A cikin wannan tsakani tashar rana ta Gorou Banda, mai megawat 30, ta fara aiki ta rage ma Yamai raɗaɗi, kamar yadda ta Malbaza mai megawat 7 take yi a jihar Tawa tun 2018. Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi: marigayi Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ba da rayuwarsa ga binciken makamashin rana a hukumar ONERSOL tun lokacin da duniya ke ganin abin kamar mafarki. Ranar da ke sauka a nan ta fi ta Kuba ƙarfi, guguwar teku ba ta zuwa, sai dai ƙura da zafi, waɗanda su ma suna rage ƙarfin pano.

Saboda haka duk ranar da aka zo da labarin sabuwar gonar rana, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci da ɗan majalisa su yi, kafin a yanka kirtani a yi tafi.

Ta farko: megawat nawa za a samu da ƙarfe 8 na dare a watan Afrilu, kuma daga ina? Daga batura ne, ko daga gawayin Anu Araren, ko daga madatsar Kandaji da aka aza harsashinta tun 2008?

Ta biyu: nawa aka ware kowace shekara don wanki, gadi da canjin na'urori, kuma a wane layi na kasafin kuɗi yake?

Ta uku: da wane kuɗi za a biya bashin, cikin shekara nawa, me aka jinginar, kuma an kai takardar gaban wakilan jama'a?

Ta huɗu: ƴaƴan ƙasa nawa aka horar da za su iya buɗe na'urar su gyara, ranar da baƙin da suka kafa ta suka koma gida?

Kuba ta yi jinkirin shekara 10 tsakanin alkawari da aiki, ta zo tana fafe gora ranar tafiya. Gonakinta sun tsimin mai, sun ba asibitoci da masana'antu wuta da rana, kuma babu jirgin yaƙin da zai iya tare hasken da suke sha. Abin da ba su yi ba shi ne gyara tukunyar da aka yi sakaci da ita shekara 30, ko cike asusun da ke yoyo. Wannan aikin hukuma ne, da ƴan ƙasa masu ƴancin tambaya. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amana, ya ba talakawa haske a gidajensu.